Hannun da Ya Riƙe Hauya Ba Zai Kasa Fiyano Ba

Da ku nake, ma'aikatan Arewa. Da kai nake, ɗan kabu-kabun da ke yini tsakanin tasha da kasuwar Dogon Dutsi. Da ke nake, telar da ke kwana kan keke idan salla ta ƙarato. Da mai lambun da ke ban ruwan dankali a bakin Tapkin Saw tun sanyin asuba bai saki gari ba, da mushen lakwal ɗan kwantaragi da aka tura wani ƙauye a bayan Ɗankasari, da mai walda a Kore Mai Ruwa, da mai faci a Tibiri. A cikinku akwai waɗanda kiɗa ke yi musu yawo a ka, kuma sun san kansu. Su ne idan an sa waƙa a fada, kowa yana bin baiti, su kunnensu yana can ƙasa, wajen abin da fiyano ke yi a bayan murya. Yatsunsu suna motsi a kan tankin babur ba su ma sani ba. Shekara da shekaru suna cewa a ransu, da ma na iya. Sai su haɗiye maganar, don an ce musu sun girma, ko an ce ba gadonsu ba ne, ko an ce babu mai koyarwa a nan.

Duk ukun na sha jin su a bakin mutanen kirki, kuma ba wadda ta isa ta tare mai niyya.

Mai cewa ya girma ya tuna da marigayi Malam Maman Barka. An haife shi a Tesker a 1959, ya yi aikin koyarwa, ya yi suna da gurumi har ya zama da wuya ka sami gidan da rediyo ke shiga a Nijar ba a san muryarsa ba. Wanda ya kai nan, ai sai ya miƙe ƙafa. Amma a 2002, ya riga ya haura shekara 40, ya tattara da tallafin UNESCO ya nufi bakin tafkin Cadi, wurin wani dattijon Buduma mai suna Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne ya rage cikin gwanayen biram, abin kiɗan nan mai tsirkiya 5 da ƙirar kwalekwale. Ya durƙusa gabansa ya koma ɗan koyo. Bayan dattijon ya kwanta dama, hannun Maman Barka ne ya riƙe biram, ya kai shi har Ingila a 2008, kuma bai sake shi ba sai da ajali ya zo a 2018. Abin da nake so ku duba a labarin nan shi ne tafiyar. Bai zauna a Yamai yana jiran malami ya yi masa sallama ba. Ya ji inda ilimin yake, ya bi shi har can. Gemu bai hana shi ba, sunan da ya yi ma bai hana shi ba.

Maganar gado kuwa, gaskiya ce a inda take. Goge da ƙwarya da kalangu suna da gidajensu a Arewa, daga Matankari har Gesheme, kuma gidajen nan sun cancanci girmamawa fiye da yadda muke ba su. Fiyano baƙo ne, ba zuri'ar da za ta ce nata ne. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a birnin Florence wajen 1700, na lantarkin da muke gani kuwa jiya-jiya ya iso mana. Kowa a ƙasar nan da ya taɓa shi, ɗan koyo ne ko jikan ɗan koyo. Mamman Sani ma'aikaci ne yana aiki da UNESCO lokacin da ya sayi wani na lantarki ƙirar Orla a hannun abokin aikinsa ɗan Ruwanda. Ya zauna da shi har ya sa shi magana da harshen ƙasar nan. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa, kuma shekaru da dama kiɗansa ne ke cike tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, har iyayenmu da yawa sun san sautin ba su san mai shi ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikin a faifai, dattijon ya hau jirgi ya je ya yi wasa a Turai. Hama kuma direba ne a Yamai. Sai ya ajiye mota yake zama da ɗan tsohon Yamaha ɗinsa. Kiɗansa ya yi ta yawo daga salula zuwa salula ta Bluetooth da katin memori tun ba a san fuskarsa ba, kafin faifansa Torodi ya fito a 2015, Houmeissa kuma a 2019. Ma'aikacin ofis da direba. Da me suka fi ku?

Wanda zuciyarsa ba ta natsu da kiɗa ba saboda abin da ya ji wurin malamansa, ban zo in ja da shi ba, kuma ina ganin girmansa. Maganata da wanda ya riga ya yanke shawara, abin da ya rage masa shi ne hanya.

Hanyar ita ce malami. Wani zai ce zai lalubo da kansa. Ana yi, amma lalube na mai lokaci ne, ku kuwa lokacinku an riga an raba shi tsakanin gona da kasuwa da iyali. Abin da za ka shekara kana kewaye, mai sani zai nuna maka shi da yamma ɗaya. Kuma hannun da ya saba da kuskure ya fi wanda bai taɓa komai ba wuyar gyara.

Ba zan ɓoye muku ba, makarantar kiɗa ta sosai tana nesa. Cibiyar CFPM Taya da aka buɗe a 1989 tana Yamai, kusan kilomita 270 daga Dogon Dutsi, kuma mai iyali ba zai rufe shago ya tare can ba. Amma garin da ya fitar da ƙungiyar kiɗa ta Akazama ba za a ce ya rasa masu hannu ba. Akwai wanda ke yi wa mawaƙa kiɗa a gidan biki. Akwai mai ɗan situdiyo a ɗaki ɗaya da kwamfuta da lasifika biyu. Akwai mai kaɗa wa majami'a ran Lahadi, kuma sau da yawa irinsa ne ya san rubutun kiɗa da tsarin yatsu. Akwai tsohon mushe da ya yi zamanin samariya da gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, yana zaune a ƙofar gida ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya sani. A leƙa gidan matasa, a tambayi ma'aikatan gidajen rediyon karkara wa ke haɗa musu kiɗan talla. Masu zuwa cin rani Sakkwato ko Birnin Kebbi ko Maraɗi, ku tuna garuruwan nan cike suke da situdiyo, kuma watannin da kuke yi can sun isa a kafa tushe. Matambayi ba ya ɓata.

Sai dai iya kiɗa daban, iya koyarwa daban. A nan ne nake so ku gane cewa kun fi ɗan birni mai kuɗi makamin tantancewa, don kusan dukanku kun yi zaman koyon sana'a. Kun san maigidan garajin da zai bar yaro shekara biyu yana wanke sufana, idan an zo buɗe inji ya aike shi sayen shayi. Kun kuma san wanda zai miƙa wa yaro sufanar ya ce kwance, ya tsaya a kansa yana kallo, in ya karkace ya dafa hannunsa ya daidaita. Na farkon yana iya fin na biyun gwaninta, amma na biyun ne ke yaye makanikai. Da wannan idon za ku dubi malamin fiyano. Akwai masu ɗaukar yaro da sunan koyo, su mayar da shi mai ɗaukar lasifika da naɗe waya daga biki zuwa biki, maɓalli kuwa sai dai ya goge masa ƙura. Hidimar malami ba laifi ba ce, tarbiyyarmu ce. Amma in wata ya zagayo ba ka zauna gaban fiyano ba, yi sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Kada ka ce ya kaɗa maka ka ji. Duk wanda ya iya zai burge ka, kai da ba ka san komai ba tukuna. Ce masa kana so ka ji ɗalibinsa. In ya kira wani yaro ko wata yarinya suka zauna suka yi abu mai tsabta da hannu biyu, ko da ɗan kaɗan ne, ka sami shaida. In kuwa shekara goma yana kiɗa a gari ba wanda zai ce a wurinsa na koya, akwai dalili.

Sannan ka roƙe shi, cikin ladabi, ya kashe kiɗan da injin ke bugawa da kansa. Fiyanon lantarki yana da ganga da garaya da algaita duk a cikinsa, yatsa ɗaya a hagu ya isa ya tayar da ƙungiya guda, kuma mutane da yawa a bayan wannan hayaniyar suke fakewa. Idan an kashe ta, sai hannu da maɓalli kawai, a nan ake gane mai abu. Haka nan akwai madannin da ke ɗaga sauti ko ya sauke shi. Wasu duk rayuwarsu a wuri ɗaya suka iya kiɗa, in muryar mawaƙi ta hau ko ta sauka sai su danna shi. Madannin yana da ranarsa, amma malamin da ba zai iya ɗauko waƙa ɗaya ya fara ta daga wani maɓallin daban da yatsunsa ba, iyakarsa za ta zama iyakarka.

Malamin kirki hannunka yake kallo, ba nasa ba. Bari in nuna muku abu ɗaya, don ku gane shi idan kun gani. Za a ce ka hau tsani na farko, do re mi fa sol la si do, maɓallai 8 farare, kai kuwa yatsu 5 gare ka. Babban yatsan dama a kan do, manuni a kan re, na tsakiya a kan mi. Daga nan sai babban yatsa ya sulale ta ƙarƙashin sauran ya faɗa kan fa, hannun ya buɗe, sauran huɗun su ƙarasa. A wannan 'yar sulalewar duk sabon shiga ke tuntuɓe. Gwiwar hannu ta tashi, kafaɗa ta ƙage, sautin ya yanke. Malamin da ya san aikinsa zai tsayar da kai nan. Zai sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin wuyan hannunka ya ɗago shi kaɗan, ya ce saki kafaɗa, sake, a hankali. Zai sa ka maimaita har sautin mi ya miƙa wa fa ba tare da an ji ɗinkin ba. Ba zai kai ka gaba don ya faranta maka ba, ba zai kuma yi tsaki ba. In ka sami mai yin haka, riƙe shi, ko da ba shi da suna, ko da ɗan cikinka ne a shekaru.

Kada kanta ta ba ka kunya. Hannun da ya sha hauya da guduma yana da ƙarfi da juriya, abin da zai koya shi ne sassauci, kuma yana koyuwa. Yaro ya fi ka saurin kwaikwayo, kai ka fi shi sanin abin da ya kawo ka.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne yadda malamin ke kallon kiɗan gida. Kai masa wani sautin gurumi, ko waƙar daɓe da ka ji a bakin kakarka, ka ga fuskarsa. In ya yatsina ya ce wannan ba kiɗa ba ne, ka tashi. In ya karkata kai ya shiga neman ta a kan maɓallai, kun dace. Ku duba baƙaƙen maɓallan nan da ke jere biyu, uku, biyu, uku. Sauti 5 ne suke maimaituwa, kuma waƙoƙinmu da yawa a kan tsani mai sauti 5 aka gina su, shi ya sa mai farawa kan tsinci waƙar gida a kansu tun ranar farko. Malami mai gaskiya zai kuma faɗa maka inda fiyano ya gaza. Goge yana zamewa tsakanin sauti da sauti, yana kuka a wurin da fiyano ba shi da maɓalli. Sanin wannan ne ke sa mai fiyano ya zauna kusa da mai goge da kunya da kunne, maimakon ya danne shi da ƙarar lasifika.

Wanda yake Sukukutan ko Dogon Ƙirya ko Dumega, inda da wuya a sami ko mutum ɗaya mai abin, malaminsa yana cikin aljihunsa, in ya iya zaɓe. YouTube cike yake da darussa kyauta, da Faransanci da Ingilishi, har da na Hausa. Amma ku yi hattara da bidiyon nan masu launuka suna zubowa kan maɓallai. Za su sa ka haddace waƙa ɗaya, ba za su gaya maka dalilin komai ba, kuma bidiyo ba ya ganin hannunka. Ka zaɓi mutum ɗaya mai darussa a jere, na 1, na 2, na 3, ka bi shi har ƙarshe. Tsalle daga wannan zuwa wancan shi ke cinye kiredi ba a tsinana komai ba.

Abin da ya fi dacewa da rezon ƙauyukanmu, a ganina, shi ne malami na gaske ta WhatsApp. Kiran bidiyo kai tsaye yana yankewa, sauti yana makara, kuma kiɗa ba ya jure makara. Gara ya turo maka ɗan gajeren bidiyo, ka sauke shi lokacin da rezo ya yi kyau, ka yi mako kana aiki a kansa. Sai ka ɗaure salula a jikin sanda daga sama, yadda za ta kama hannu biyu da maɓallai, ka ɗauki kanka ka tura masa. Amsarsa ce za ta nuna maka ko wane ne. In ya ce "ya yi kyau, ci gaba" kawai, kuɗinka yake so. In ya ce a daƙiƙa kaza ƙaramin yatsanka na hagu ya miƙe, kuma kana sauri duk lokacin da ka zo wuri kaza, to ya kalla, kuma malami ne. Ku yi ciniki a fili tun farko. Ku biya wata-wata ta Nita ko Amana ko duk hanyar da kuka saba, kada ku zuba kuɗin shekara ga mutumin da ba ku taɓa gani ba. Duk wanda ya yi alkawarin gwaninta cikin kwana bakwai, ku bar shi da alkawarinsa.

Akwai wani tarko da ke jiran mu 'yan bakin iyaka musamman. Malamin da ya yi karatu da Faransanci, do ɗinsa maɓalli ɗaya ne da ba ya gusawa, farin da ke hagun baƙaƙe biyu. Na Najeriya zai kira wannan maɓallin C, sannan do ɗinsa yana tafiya, duk inda waƙa ta kafa gindinta nan ne do. Dukansu daidai ne, amma in ka haɗa su ba ka sani ba, kanka zai juye har ka zaci kai ne ba ka da basira. Tambayi malaminka tun ranar farko wanne yake bi.

Kayan aiki kada su tsorata ku. Babban fiyano maɓalli 88 ne, 52 farare, 36 baƙaƙe, amma mai 61 ya ishi mai koyo shekaru. Na hannu ma ya yi, in dai an bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya an ji kowanne yana magana, kuma an fi son wanda in ka danna a hankali ya yi ƙasa-ƙasa, in ka danna da ƙarfi ya ɗaga, don da shi hannu ke koyon magana. Da yawansu suna aiki da batir, ƙaramin faifan hasken rana ma yana riƙe su. A rufe shi da zane, ƙurar hunturu ba ta da tausayi. In kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ina amfanin fada? Ku da kuke haɗa kuɗin shayi da sukari kullum, kuke adashe don bikin junanku, ku huɗu ko biyar za ku iya mallakar ɗaya, ku raba kwanaki, ku ɗauki malami ɗaya ku raba kuɗinsa. Minti 20 kowane dare bayan isha'i, da abin ji a kunne don kada a tashi yara, ya fi awa uku ran hutu kaɗai. Damina in ta zo ta karɓe ku, ba komai, gona ce gaba. Ko minti 5 ne a taɓa, don kada hannu ya manta.

'Yan'uwa mata, ban sa ku a farkon maganar nan don ado ba. Yatsun da ke kitso da saƙa da zare allura sun riga sun san aikin da ake nema. Ki nemi darasi a wuri buɗaɗɗe, da sanin gida, ko ku je ku biyu. Malamin da ya ƙi wannan sharaɗin ya riga ya ba ki amsa. Darasin salula kuwa ya zo miki har ɗaki. Iyaye da mazaje, in kun ga abin a jinin 'yarku ko matarku yake, ku tsaya mata a nemi malami na gari da idonku a kai.

Ba na ce ku saki sana'arku ba. Akwai abinci a fiyano, a gidan biki, a situdiyo, a tallan rediyo, a wajen masu bege da mawaƙan da yanzu sai sun tsallaka iyaka kafin a haɗa musu kiɗa, amma yana zuwa a hankali, kuma ba ga kowa ba. Wani ma ba kuɗi yake nema ba. So yake bayan ya yini yana yi wa mutane aiki, ya sami abu ɗaya da yake nasa, ya zauna ya fitar da abin da ke ƙirjinsa. Wannan ma dalili ne cikakke, kada kowa ya raina muku shi.

Ku kuma da kuka riga kuka iya, a Dutsi ko Tibiri ko kuna can Yamai da Kano kuna aiki a situdiyo, ƙannenku suna nemanku. Ku daina rufe hannu idan yaro ya matso yana kallo. Ku sa rana ɗaya a mako, ku faɗi kuɗin da talaka zai iya, ku karɓi mutum uku ko huɗu, ku buɗe musu zaure ko rukunin WhatsApp. Wanda ya zo muku da hannu duk baƙin mai, daga garaji kai tsaye, ku ba shi ruwa da sabulu ya wanke, ku ja masa kujera, ku nuna masa farin maɓallin da ke hagun baƙaƙe biyu, ku ce ya sa babban yatsa.